Sabbin Sauye-sauyen WhatsApp a Ma'aunin Mai Jin Hausa

Tun daga shekarar 2023 kamfanin Meta yake ƙara wa manhajar WhatsApp sabbin abubuwa a kai a kai, har ta kai ga wanda ya daɗe bai sabunta tasa ba, idan ya sabunta yau, sai ya ga kamar wata manhaja ce daban aka ɗora masa. Shugaban kamfanin, Mark Zuckerberg, ya bayyana a shekarar 2025 cewa masu amfani da ita a kowane wata sun haura biliyan 3, saboda haka duk ɗan sauyin da aka yi mata yana taɓa ciniki da zumunci da karatun jama'a masu ɗimbin yawa. Na duba manhajar ne kamar yadda take a wayar Android, domin ita ce a hannun mafi yawan mutanenmu, kuma ma'aunina ɗaya ne: shin sauyin ya sauƙaƙa wa mutumin da yake gudanar da harkokinsa da Hausa, wanda wayarsa ba ta da wadataccen sarari, kuma yake sayen data da lissafi?

Ya kamata a fara da saƙon murya, domin a nan ne gizo yake saƙa. A wurinmu da murya ake yin mafi yawan abin da wasu suke yi da rubutu. Dattijuwar da ba ta yi boko ba da murya take gaisawa da jikokinta, malami da murya yake amsa tambayar ɗalibinsa, haka ma mai sayar da atamfa take yi wa abokiyar cinikinta bayanin kala da farashi. A wannan fanni an yi gyare-gyare da suka cancanci yabo. Tun watan Maris na 2022 mutum yana iya dakatar da naɗar murya ya ci gaba daga inda ya tsaya, yana iya sauraron abin da ya naɗa kafin ya tura, kuma yana iya fita daga hirar ya shiga wata alhali saƙon yana ci gaba da magana. Akwai kuma damar ƙara saurin sauraro zuwa ninki ɗaya da rabi ko ninki biyu, wadda duk wanda yake da ɗan'uwa mai doguwar gaisuwa kafin ya zo kan magana ya san darajarta. A watan Disamba na 2023 aka ƙara saƙon murya mai ɓacewa da zarar an saurare shi sau ɗaya, wanda ya dace da faɗar abin da ba a so ya zauna a wayar wani, ko da yake ba abin da zai hana mai karɓa ya naɗe shi da wata wayar.

Babban sauyin da aka fi zumuɗi a kansa shi ne wanda ya zo a watan Nuwamba na 2024, wato mayar da saƙon murya zuwa rubutu. Tsarin yana da kyau: mutum zai shiga saiti, ya kunna shi a sashen hirarraki, ya zaɓi harshe, daga nan idan saƙon murya ya zo masa yana cikin taro ko cikin hayaniyar tasha, sai ya danne saƙon ya karanta abin da aka faɗa. Aikin a cikin wayar ake yin sa, ba a tura muryar zuwa wata kwamfuta ta kamfanin, wanda hakan ya kiyaye sirrin magana. Sai dai a lokacin da aka ƙaddamar da shi, harsuna huɗu kawai wayar Android ta samu, Turanci da Sifaniyanci da Fotugis da Rashanci, yayin da masu iPhone suka samu ƙari, ciki har da Faransanci da Larabci. Babu Hausa. Idan aka saita shi a Turanci aka ba shi saƙon Hausa, ko dai ya ce ya kasa, ko ya fito da jerin kalmomin Turanci marasa kan gado. Haka labarin ya maimaita kansa a watan Satumba na 2025 da aka kawo fassarar saƙonni a cikin manhajar, inda Android ta fara da harsuna shida, Hausa ba ta ciki.

Illar wannan giɓi ta wuce rashin jin daɗi, domin akwatin bincike na WhatsApp rubutu yake nema, ba ya jin murya. A ɗauki misalin ɗan kasuwa a Kantin Kwari wanda ya daidaita farashin dila biyu na shadda da wani abokin cinikinsa na Maraɗi, duk ta saƙon murya, makonni uku da suka wuce. Yau an samu saɓani a kan ko kuɗin mota yana cikin farashin ko ba ya ciki. Ba shi da wata kalma da zai rubuta a akwatin bincike ta kai shi wurin. Dole ya yi ta jan hirar sama, yana kallon layukan saƙonni masu kama da juna waɗanda ba abin da ya bambanta su sai tsawon daƙiƙoƙi, yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya da wayar manne a kunne, masu saye kuma suna tsaye a gabansa. Mutumin da ya fi kowa buƙatar wannan fasaha shi ne wanda ba ta kai gare shi ba. Dabarar da ta rage masa ita ce ya riƙa sa wa muhimman saƙonni alamar tauraro, ko ya liƙe su a saman hira, tunda yanzu ana iya liƙe har guda uku na tsawon kwana ɗaya ko mako ɗaya ko kwana 30, ko kuma ya bi kowace yarjejeniya da gajeren rubutu mai ɗauke da adadin kuɗin.

Adalci ne a faɗi cewa aikin ba mai sauƙi ba ne. Hausa tana da karin sauti da tsawon wasali da suke sauya ma'ana, karin harshen Sakkwato ba ɗaya yake da na Kano ko na Damagaram ba, kuma mai magana yakan cusa Turanci ko Faransanci a tsakiyar jimla ba tare da ya lura ba. Duk da haka uzurin ba ya gamsar da ni. Kamfanin Meta da kansa ya sanar a 2023 cewa masu bincikensa sun gina fasahar gane magana a harsuna sama da 1,100, kuma harshen da miliyoyin mutane suke magana da shi, wanda sashen Hausa na BBC ma yake watsa shirye-shirye da shi tun 1957, ba za a ce ya rasa muryoyin da na'ura za ta koya daga gare su ba. A ganina lamarin na fifiko ne.

Gyaran da na fi ganin amfaninsa a kullum shi ne gyara saƙon da aka riga aka tura, wanda ya zo a watan Mayu na 2023. Wanda ya rubuta 4,500 alhali 45,000 yake nufi, ko ya kuskure lamba ɗaya a cikin lambar asusun banki, zai danne saƙon ya gyara, ba sai ya goge ya sake turawa ba. Amma wa'adin minti 15 ne kacal, kuma galibi irin wannan kuskure ba a gane shi sai mai karɓa ya dawo da tambaya bayan sa'a guda. Wani abin lura kuma, manhajar tana nuna cewa an gyara saƙo, amma ba ta nuna abin da aka rubuta da farko. Ga mai ciniki wannan kafa ce da ya kamata ya sani, domin wanda ya karanta farashi ya tafi tura kuɗi yana iya dawowa ya tarar adadin ya sauya, ba shi da shaida sai idan ya ɗauki hoton allon. Goge saƙo ga kowa shi kuma an tsawaita wa'adinsa zuwa kimanin kwana biyu, kuma shugaban zaure yana iya goge saƙon wani a zaurensa, abin da ya rage wa masu kula da zaurukan dangi da na tsofaffin ɗalibai ciwon kai.

Sa asusu biyu a waya ɗaya, wanda Android ta samu a watan Oktoba na 2023, ya dace da mu ƙwarai, tunda da wuya a samu mai sana'ar da ba shi da layi biyu. Kafin zuwansa mutane da yawa sun dogara da jabun manhajoji irin su GB WhatsApp, waɗanda kamfanin yake iya rufe asusun mai amfani da su, kuma ba wanda zai ba da tabbacin inda saƙonninsa suke zuwa. Haka nan ana iya haɗa asusu ɗaya da wasu na'urori har huɗu, ciki har da wayoyi, ta yadda mai shago da yaronsa za su riƙa amsa masu saye da lamba ɗaya. Sharaɗin dai shi ne idan babbar wayar ta yi kwana 14 ba a yi amfani da ita ba, sauran za su fita da kansu. Kulle hira da zanen yatsa ko da lambar sirri shi ma yana da amfani a gidan da waya ɗaya take yawo daga hannun uwa zuwa na yara, sai dai hirar kawai yake ɓoyewa, idan mutumin ya kira sunansa zai bayyana a allo.

Inda sabuntawar ta fi matsa wa mai ƙaramar waya shi ne batun sarari da data. Yanzu ana iya tura hoto da bidiyo masu inganci sosai, ana iya tura fayil mai girman gigabait 2, zaure kuma yana ɗaukar mutum 1,024. Duk wannan ci gaba ne ga mai turawa, amma nauyi ne ga mai karɓa, musamman bayan da hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025. Wanda yake cikin zauruka goma, kowanne ana zuba wa'azi da bidiyon biki da gaisuwar Juma'a, idan bai kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye ba a sashen ma'adana da data, zai wayi gari wayar ta cika, datar ta ƙare. Sashen kula da ma'adana yana taimakawa, domin yana ware fayilolin da suka wuce megabait 5 da waɗanda aka yi ta yaɗawa, ya ba da damar share su gaba ɗaya. Akwai kuma sauyin da ya wuce shiru ba tare da mutane sun ankara ba: daga farkon 2024 kwafin hirarrakin da ake ajiyewa a Google Drive ya fara cin gigabait 15 ɗin da Google yake bayarwa kyauta, wanda Gmail da hotuna su ma daga ciki suke ci. Idan wurin ya cika ajiyar tana tsayawa, kuma mutane da yawa ba sa sani sai ranar da wayar ta ɓata ko ta faɗa ruwa, suka je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano suka sayi wata, suka tarar hirarrakin da suka dawo na watannin baya ne. Cire bidiyo daga cikin abin da ake ajiyewa yana rage matsalar sosai.

Tashoshin WhatsApp, wato Channels, waɗanda suka bazu a duniya a watan Satumba na 2023, hanya ce mai kyau ta bin kafafen labarai da malamai da hukumomi ba tare da lambar mutum ta bayyana ga sauran mabiya ba. Galibi magana ce ta ɓangare ɗaya, kuma abin da aka wallafa a can ba ya cikin kariyar sirrin da hirarraki suke da ita. A sashen da tashoshi da Status suke ne kamfanin ya sanar a watan Yuni na 2025 cewa zai fara sa tallace-tallace, abin da waɗanda suka ƙirƙiri manhajar suka daɗe suna ƙi. Meta AI, wato mataimakin na'ura mai amsa tambayoyi, wanda ya iso Najeriya da Ghana a watan Afrilu na 2024 da harshen Turanci, shi ne abin da na fi rashin gamsuwa da shi, saboda an dasa alamarsa a fuskar manhajar ba tare da maɓallin cire ta ba, kuma abin da mutum ya rubuta masa yana isa ga kamfanin, saɓanin hirarsa da ɗan'uwansa.

Ta fuskar tsaro, rufe ƙarar kiran baƙuwar lamba, wanda ya zo a watan Yuni na 2023, ya rage damun 'yan damfara, kiran yana shiga jerin kiraye-kiraye ba tare da wayar ta yi ƙara ba. Amma hanyar da aka fi ƙwace asusun mutane da ita tana nan yadda take: wani zai kira ya ce daga zauren ƙungiya ne, za a yi taro ta intanet, ya nemi a karanto masa lambobi shida da suka shigo waya yanzu. Wanda ya karanto ya miƙa asusunsa, kuma nan da nan za a fara roƙon kuɗi da sunansa a wurin danginsa. Maganin yana cikin manhajar tun 2017, wato tabbatarwa mai mataki biyu, inda mutum yake sa tasa lambar sirrin, amma har yanzu a kashe take zuwa, sai wanda ya sani ya je sashen asusu ya kunna. Da kamfanin zai tilasta ta ga kowa lokacin rajista, da ya yi wa jama'a aikin da ya fi yawancin sabbin kayan adon da yake ƙarawa.

Mai shirin sayen waya ta hannu ya duba sigarta kafin ya biya kuɗi. Tun watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayar da ba ta kai Android 5.0 ba, a 2025 kuma ya bar iPhone 5s da iPhone 6 da 6 Plus, saboda ba sa ɗaukar iOS 15.1, kuma irin waɗannan wayoyi har yanzu ana samun su a teburin masu sayar da na hannu da araha.