Bayan bak: da wane ma'auni za a zaɓi makarantar gaba a Damagaram?

Ɗalibin da ya ci jarrabawar bak a Damagaram yana da hanyoyi uku a gabansa: jami'ar gwamnati, makarantun kuɗi, ko ƙetare iyaka zuwa Najeriya. Abin damuwa shi ne iyaye da yawa kyan gini da tallar rediyo suke bi, alhali tambayar farko ita ce ko takardar da za a ba yaro a ƙarshe tana da daraja wajen mai ɗaukar aiki.

Jami'ar gwamnati ta André Salifou da ke Damagaram, wadda aka kafa a 2010, ita ce mafi sauƙin kuɗi, ga yaro yana gaban iyayensa, kuma yana iya neman tallafin ANAB, hukumar da ke ba ɗaliban Nijar kuɗin tallafin karatu. Ƙarfinta yana ga malamanta, domin ba sa hawa matsayi sai hukumar CAMES mai kula da ilimi mai zurfi a ƙasashen Afirka da dama, da aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu, ta auna bincikensu. Rauninta shi ne na sauran jami'o'in gwamnati: cunkoso a ajin farko, da yajin aikin da kan sa wata shekarar karatu ta shiga cikin wata, har lisans, wato digirin farko na shekara 3, ya zarce lokacinsa. Ɗaliban sashen da ake so su ne za su faɗi gaskiyar wannan.

Makarantun kuɗi kuwa sukan gama shekara a kan lokaci, amma a nan ne ya fi kamata a buɗe ido. Izinin buɗe makaranta daban, amincewa da takardar wani fanni daban, saboda CAMES fanni-fanni take tantancewa. Sai uba ya nemi a nuna masa takardar amincewa mai ɗauke da sunan fannin da ɗansa zai karanta, ya tambayi ɗalibai nawa aka kai jarrabawar BTS ta ƙasa (ta diflomar koyon sana'a bayan bak) bara, nawa suka ci, sannan malamai nawa ne na dindindin, nawa ne ake biya da awa. A ganina, makarantar da ta yi nauyin baki kan waɗannan tambayoyi ba ta cancanci kuɗin da aka sayar da hatsi ko dabba aka tara ba.

Mai son Kano, Jami'ar Bayero alal misali, sai ya shirya wa Turanci, ya tabbatar hukumar NUC mai kula da jami'o'in Najeriya ta amince da fannin, kuma tun kafin tafiya ya bincika a ma'aikatar ilimi mai zurfi yadda za a daidaita takardarsa da ta Nijar idan ya dawo.