Kayanmu na nan a Landan, mu ne dai ba a gani

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, a gaida min su Hajiya. Ka ce in ba ka labarin harkar al'adu da wasannin baƙar fata a nan Landan tunda kai abin da ya dame ka kenan, toh abin da yawa, amma ga wanda ya fi ɗaure min kai: a garin da ko ruwan roba ka saya sai ka ji a jikinka, shiga manyan gidajen tarihi kyauta ne. A British Museum jakarka kawai za su leƙa a ƙofa ka wuce abinka. Ɓangaren Afirka yana can ƙasa sai ka sauka matakala, nan aka jera tagullar Benin ɗin nan da sojojin Ingila suka kwaso a 1897 da suka ci birnin da yaƙi suka kori Oba, sarkinsu. Wajen guda 900 ne a hannunsu, kaɗan ma aka fito da su. In ka matsa kusa da farantan tagullar har ƙararrawar da ke ƙirjin mayaƙan kana gani da haƙoran damisa a wuyansu, ga Turawan Fotugal da dogon gashinsu, aikin hannu wallahi sai ka rantse jiya aka zuba shi.

Haushi zai kama ka, sha'awa ma ta kama ka, duk a tsaye wuri ɗaya. Wani ƙaramin gidan tarihi mai suna Horniman a kudancin gari ya mayar wa Najeriya mallakar kaya 72 a 2022, Jamus ma ta yi nata a shekarar, su kuwa na British Museum sun laɓe bayan wata doka ta 1963 wai ta hana su fitar da komai. Ni dai ina tare da masu cewa a mayar, kayan sata sunansa kayan sata ko an sa shi a gilashi. Amma fa mu gaya wa kanmu gaskiya, yadda suke kula da abin, wuta ba ta ɗaukewa, ba ƙura, kowane abu da rubutu a gefensa daga ina ya zo kuma yaushe, malamin makaranta ya kwaso yara su zauna a ƙasa suna zana abin a takarda, wannan hidimar ce nake so in gani a namu na gida, inda wani lokaci sai an je an nemo mai makulli kafin ka shiga.

Akwai kuma masu fasaha na yanzu. A 2023 Tate Modern, gidan baje kolin fasahar zamani, ta ba El Anatsui, mutumin Gana da ya daɗe yana koyarwa a Nsukka, babban zaurenta gaba ɗaya, ya rataye wasu maka-makan labule da aka ɗinka da marafan kwalba da waya, abin da yaranmu ke wasa da shi a lungu, Turawa na tsaye suna ɗaga kai baki buɗe. A 2025 kuma suka yi baje kolin masu zanen Najeriya na da, har da 'yan ƙungiyar masu zane ta Zariya ta 1958 da tukwanen Ladi Kwali, matar nan da ke bayan naira 20. Wannan kam sai da tikiti.

Tikiti shi ne maganar. Abin da ya mutu ya shiga gilashi kyauta ne, mai rai kuwa sai ka biya, kuma ba irin biyan ƙofa na gida ba da za ka ce wa mai gadi ai ni ƙanin wane ne. Tun watanni kafin ranar ake saye a waya, in ya ƙare ya ƙare, ko kai waye. Wizkid ya cika zauren O2 mai ɗaukar mutum 20,000 dare uku a 2021, Burna Boy ya cika filin ƙwallon London Stadium a 2023, kuma kar ka ɗauka 'yan Najeriya ne kaɗai a ciki, yaran Turawa da Indiyawa sun haddace waƙoƙin tsaf ba tare da sun san me ake cewa ba. Abin da ke kyauta a titi shi ne bikin Notting Hill na mutanen Karebiyan, ƙarshen watan Agusta, tun 1966 suke yi. Mutane sama da miliyan, a rufe tituna, ga masu kiɗa da gangar mai da aka ƙera bakinta take ba da sauti kala-kala. Shigar da suke yi dai ba ta idonka ba ce Yaya, astagfirullah, in mutum zai leƙa gara ranar Lahadi da ake cewa ta yara.

In kana son ganin Afirka ta yau da kullum kuwa sai unguwar Peckham, bas fam 1.75 ne a 2025, da kati ake biya ba sa karɓar tsabar kuɗi. Titin Rye Lane Legas ce kawai aka ɗauko aka dire, Yarbanci ta ko'ina, doya, manja, busasshen kifi, atamfa da leshi, masu kitso na kiranka daga bakin shago. Goro ma akwai, sai dai ƙwaya uku a leda a kuɗin da in ka juya shi naira sai ka mayar ka ajiye. Kuka da daddawa irin tamu sai ka sha yawo. Tsire kuwa yana ko'ina da sunan suya, a kwali mai kyau da cokali, yajin ba laifi amma ba ƙuli sosai, kuma da wuya ka tarar Bahaushe ne a bakin wutar.

Toh nan ne abin yake min ciwo. Sashen Hausa na BBC a 1957 ya fara magana daga garin nan, jami'ar SOAS ta daɗe tana koyar da Hausa, ɗakin karatunta da littattafanmu, amma ba titi ɗaya da za ka ce nan ne namu. Baƙar fatan Birtaniya 'yan asalin Karebiyan da Afirka na da gidan ajiye tarihinsu a unguwar Brixton, Black Cultural Archives, Yarbawa da 'yan Gana da Somaliyawa kowa ya kafa shago ya sa suna a allo. Mu namu duk a guruf ɗin WhatsApp yake. Sallah ta zo ko Ranar Hausa ta 26 ga Agusta, sai a yi karo-karo a kama hol, mata su dafo waina da miyar taushe daga gida, a sha shadda, a saki waƙoƙin Kannywood a sifika, ana fara jin daɗi mai hol ya zo yana nuna agogo don in an wuce lokaci maƙwabta za su kira hukuma. Mai kalangu ko algaita babu, kawo makaɗi daga gida kuwa sai biza da kuɗin jirgi da masauki, wa zai ɗauka? Bare ɗaya ba zai shigo ya gani ba don ba a tallata ba, shi ya sa Baturen da ke zaune a gari ɗaya da mu in ka ce masa Najeriya, jalof da Afrobeats kawai ya sani, bai taɓa jin hawan sallah ba balle dambe.

Ɗinki ma haka, telan da zai yi maka aikin babbar riga na hannu babu shi, mai lalle kuma sai ka kama layi a Instagram mako biyu kafin biki ka ba da kafin alƙalami. Saboda haka dan Allah in an samu mai tahowa a haɗo min da zanna bukar biyu lamba 23 da farar shadda ɗinkakkiya, awona yana wurin telanmu. Kilishi kuma kar a soma, an hana shigo da nama, a filin jirgi za su ƙwace.