Sabar imel a gida: Postfix ya yi aiki, amma ta ƙofar 587

Na ɗora manhajojin sabar imel, Postfix mai aikawa da karɓar saƙo da Dovecot mai ba ka damar buɗe akwatinka, a kan wata 'yar kwamfuta mai suna Raspberry Pi a nan Sakkwato, don imel ɗin sana'ata ta kayan fata ya riƙa fita da adireshina na .ng. Girkawa ba wuya. Da aka zo aikawa ne saƙonni suka yi cirko-cirko a layi, mail.log, fayil ɗin da sabar ke rubuta abin da ke faruwa, kuwa sai maimaita "Connection timed out" yake. Kamfanin da nake sayen data a wurinsa ya toshe ƙofa ta 25, wadda ta ita sabobin imel ke miƙa wa juna saƙo. Ban ga laifinsu sosai ba, ta nan kwamfutocin da aka yi wa kutse ke watsa saƙonnin damfara.

A nan Postfix ya burge ni. Layin relayhost (inda ake rubuta sabar da za ta isar maka da saƙo) a cikin main.cf, fayil ɗin saitin Postfix, sai suna da kalmar sirri, shi ke nan saƙona na bi ta wani kamfanin dillancin imel a ƙofar 587, shi ya isar. Ko da 25 a buɗe take ma dillalin zan nema, domin Spamhaus, ƙungiyar yaƙi da saƙonnin shara, na da jerin adireshin layukan gida da manyan sabobi ke ƙi, kuma tun Fabrairun 2024 Gmail ke neman SPF ko DKIM, wato hanyoyin tabbatar da cewa saƙo daga adireshin da ke kansa ya fito, daga duk mai aiko masa. Na saka su har da DMARC, ƙa'idar da ke faɗin yadda za a yi da saƙon da ya faɗi wannan tantancewa, saƙona ya daina faɗawa akwatin shara.

Karɓa ce ta fi ba ni ciwon kai. Layin waya na CGNAT ne, mutane da yawa a kan adireshi ɗaya, babu yadda saƙo daga waje zai gano ɗakina. Dole na yi hayar ƙaramar saba a waje, na haɗa ta da gida ta WireGuard, manhajar da ke haɗa kwamfutoci ta keɓaɓɓiyar hanya. To, sabar gida ce kuma ko ta haya? Oho.

Zafin Afrilu, da ke haura digiri 40, sai da fanka, ƙurar hunturu kuma kan toshe fankar. Ɗauke wuta bai tsorata ni ba, don sabobin masu aikowa kan yi ta sake gwadawa na 'yan kwanaki.

Mai son koyon yadda imel ke tafiya, bismillah, zai ƙaru. Ɗan kasuwan da ke jiran odar kwastoma kuwa, ya biya kuɗin akwatin imel na wata-wata ya huta.