Tamomita biyu na saya dan autata mai kansar jini, ɗaya ce kawai ta yi min aiki

Assalamu alaikum. Na daɗe ina so in rubuta wannan dan iyayen da ke jinyar yaro mai kansar jini, musamman waɗanda aka fara yiwa yaransu kimo, wato maganin kansa, kwanan nan, saboda ni da wani ya gaya min tun farko da ban kusa yin kuskuren da har yau in na tuna gabana ke faɗuwa ba. Maganar tamomita ce, abin auna zafin jiki. Iri biyu na yi amfani da su, mai kama da bindiga wadda ake haskawa a goshi, da ƙaramar dijital ɗin nan da ake sawa a hammata.

Autata tana da shekara 4 abin ya fara. Zazzaɓi yau ya sauka gobe ya dawo, ƙafa na ciwo har ta daina yarda ta taka sai dai a goya ta, ta yi fari fat, ga wasu tabo-tabo a jiki kamar an mintsine ta, ga haɓo. Mun sha maganin maleriya, mun sha na taifod, har gwajin sikila aka sake mata duk da mun san AA ce, sai da aka tura mu asibitin koyarwa aka ɗebi ɓargo a ƙashin ƙugunta sannan aka ce lukimiya ce, wato kansar jini, irin wadda suke kira ALL, wadda aka fi samu a yara musamman 'yan shekara 2 zuwa 5. Likita ya zaunar da mu ni da babansu yace maganin ba na wata ɗaya ko biyu bane, shekara 2 ne zuwa 3, kuma ana warkewa. Daga baya na ga bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 na yara masu kansa suna warkewa amma a ƙasashe da yawa irin namu bai kai 30 ba, kuma wlh da na zauna a ɗakin yaran nan na ga dalili da idona, wani an kawo shi a makare, wani kuɗi sun ƙare an tafi gida, wani kuma zazzaɓi ne ya kama shi a gida ba a dawo da wuri ba.

Ranar da za a fara sallamar mu wata sista ta riƙe hannuna tace Maman auta ki saurare ni da kyau, kimo yana kashe ƙwayoyin cutar amma yana haɗawa da fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, an fi ganin sun yi ƙasa sosai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan allura, a wannan lokacin zazzaɓi ba na jira zuwa safiya bane. In kin auna kin ga 38 ki ɗauko ta ko ƙarfe nawa ne, kar ki bata farasitamol kafin ki auna dan zai ɓoye zafin, kuma kar ki taɓa sa mata tamomita ta dubura saboda tana iya jin ciwo ta zubar da jini ko cuta ta shiga.

Toh ni a tunanina mai tsada ita ce mai kyau, shine na tura babansu kemis ya sayo mai bindigar nan irin wadda aka riƙa haska mana a ƙofar banki lokacin korona. Gaskiya tana da abin yabo, sakan ɗaya ta baka lamba, tana da haske ko ba wuta kana gani, kuma abin da ya fi min daɗi ba sai na tashi yarinyar daga barci ba, duk wanda ya yi jinyar yaro mai shan firednisolon, ɗaya daga cikin magungunan cutar, ya san wahalar da ake sha kafin barci ya ɗauke shi, ga yunwa ƙarfe 3 na dare tana kukan taliya da ƙwai ga fushi ba dalili ga kumatu sun kumbura. Amma tun satin farko na lura in na auna sau uku a jere lamba uku daban take bani. In fanka na kaɗawa ta sauka, in goshin da gumi ta sauka, in na ɗan matsa baya ta canza. Na riƙa cewa ko nice ban iya riƙewa ba.

Ƙaramar kuma a wurin wata mata da muka yi maƙwabtaka a gado na gan ta, ɗanta ya riga tawa farawa da wata 5, ita ce tace min yaya ki sayi wannan ki ajiye ko da kina da waccan. Kuɗinta bai kai kwatan na bindigar ba, na saya na jefa a jaka na manta da ita.

Daren da abin ya faru lokacin hunturu ne, kwana 9 da yi mata allura. Tun bayan isha ta yi shiru, ta ƙi abinci, ta kwanta a jikina tana ta jan bargo. Na haska mata a goshi 36.9, na sake 37.1, hankalina ya ɗan kwanta. Hajiya surukata da ta zo taya mu zama ta taɓa wuyanta tace jikin nan da ɗumi fa, ki bata ɗan farasitamol ta samu barci da safe kwa je, kuma Allah ya sani dan tausayi ta faɗa, matar da ke kwana a kan sallaya saboda jikarta. Har na ɗauko kwalbar na buɗe, maganar sista ta faɗo min a rai, nace Hajiya bari in gwada ɗayar tukuna. Na zazzage jaka na samo ta, na goge hammatar na sa na matse hannunta da jikina, ba wuta, da fitilar waya na karanta, 38.6. Na canza hammata na sake, 38.7. Ƙafafuna suka yi sanyi.

Ƙarfe 1 saura ba adaidaita a titi, babansu ya buga ƙofar maƙwabci mai mota, Allah ya saka masa da alheri ko riga bai tsaya canzawa ba. A emajansi suna ganin katinta suka sa kanula suka ɗebi jini suka fara antibayotik ta jijiya ba tare da jiran sakamako ba, likitan da ke bakin aiki yace abin da ake so kenan a fara cikin awa ɗaya da zuwa. Da gwajin ya fito fararen ƙwayoyin sun kusa ƙarewa. Kwananmu 8 a kwance, har jini aka ƙara mata leda ɗaya wanda ƙanin babansu ya bayar. Da na nuna wa sista bindigar tace sanyin ɗaki da iska suna sanyaya fatar goshi, ita kuma fatar kawai take karantawa, wasu masu inganci suna ƙoƙari amma dan yaro mai kimo kar in dogara da ita ita kaɗai.

Ƙaramar ma ba wai bata da matsala bane. Tana ɗaukar lokaci, kuma riƙe yarinya mai jin haushin kowa na minti guda ba ƙaramin aiki bane, ni dai dabarar da na samu ita ce ince mata zo mu yiwa 'yar tsanarki awo, a sa wa 'yar tsana tukuna sannan ita. Ƙararta ƙasa-ƙasa ce, in janareton maƙwabta na aiki ba za ka ji ba sam. Bata da haske. Lamba ta ƙarshe kawai take ajiyewa shi yasa na sayi ɗan littafi ina rubuta rana da lokaci da lamba, kuma likitoci suna jin daɗin littafin nan sosai ranar kilinik. Batirinta ɗan mitsitsi ne kamar maɓalli, ba a kowane kemis ake samu ba, a wurin mai gyaran agogo na samu. Sai abu ɗaya da ya taɓa firgita ni, yayanta ya danne maɓallin ya daɗe sai ta koma lissafin Amurka, na auna na ga 98.6 na kusa ihu, ashe daidai yake da 37. In taku ta yi haka ku duba harafin gefe, C ake so, in kuma F ce toh 100.4 shine 38. In kun sa ku tabbata hammatar a bushe take kuma kan ƙarfen ya shige tsakiya sosai ba ya taɓa riga, ku goge da sifirit bayan kowane awo, kuma kar a haɗa ta da sauran yaran gida.

Ta gilashi mai ruwan azurfa a ciki ban ma saya ba, in ta fashe guba ce kuma a gidan yara fashewa ba wuya.

Yanzu alhamdulillah mun shiga zangon ƙarshe mai tsawo, ƙwayar makaftofurin kullum, metotireset sau ɗaya a sati, da zuwa asibiti lokaci-lokaci, gashinta ya fito har ana kama mata kitso biyu. Har yau in aka ce wani yaro a layi na ƙarambau ko ƙyanda ƙofa nake rufewa. Ƙaramar tamomita biyu gare ni yanzu, ɗaya ƙarƙashin filo ɗaya a jakar asibiti tare da katinta da batir na ajiya, Hajiya ma ta koyi karantawa, in na fita ita ke aunawa ta kira ni ta faɗa min lambar. Dan Allah ku sa autata a addu'a, ranar Talata za a sake yi mata allurar baya.