Wanne Faifai Ya Cancanci Kuɗinka: Marvin Gaye, Gladys Knight Ko Creedence?

Duk wanda ya shiga neman waƙar "I Heard It Through the Grapevine", ko a shagon tsofaffin fayafayan garmaho ko a intanet, zai tarar da ita a bakin mawaƙa da dama, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya wuce na murya kawai. Norman Whitfield da Barrett Strong ne suka rubuta ta a 1966 wa kamfanin Motown da ke birnin Detroit a Amurka. Jigonta shi ne halin masoyin da ya ji ƙishin-ƙishin a gari cewa za a rabu da shi, alhali wanda ya kamata ya faɗa masa bai ce uffan ba.

Tarihin fitowarta na rikita mai saye. Ƙungiyar Miracles ce ta fara ɗaukar ta a 1966, Marvin Gaye ya biyo baya a 1967, amma mai kamfanin, Berry Gordy, ya ƙi yarda a saki ko ɗaya daga ciki a matsayin waƙa mai zaman kanta. Whitfield bai haƙura ba. Ya sake mata salo, ya ƙara mata sauri, ya miƙa wa Gladys Knight da 'yan amshinta, wato Pips, aka sake ta a watan Satumba na 1967, ta kai matsayi na 2 a jadawalin Billboard, wato jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka. Ke nan wadda jama'a suka fara ji ba ita aka fara ɗauka ba.

Rerawar Gladys Knight ta mai son kiɗa mai tashe ce. Ganga ce ke buɗe ta, ita da 'yan amshi suna kai da komo irin na waƙoƙin cocin baƙaƙen fatan Amurka, kuma ba ta kai minti 3 ba. Muryarta ta mace ce da labari ya riske ta, ta ɗaura ɗamara ta tafi neman ba'asi. Tana cikin kundin Everybody Needs Love na 1967, kuma kusan kowane tarin fitattun waƙoƙinta na zamanin Motown yana ɗauke da ita, don haka babu dalilin biyan tsada sai ga mai tara kayan tarihi.

Ta Marvin Gaye kuwa, a ganina, ita ce wadda mai kuɗin faifai ɗaya tak ya kamata ya saya. An ajiye ta sama da shekara guda kafin a cusa ta cikin kundin In the Groove a watan Agusta na 1968. Masu gabatar da shirye-shiryen rediyo suka yi ta sa ta har Gordy ya sauko, aka sake ta ita kaɗai a watan Oktoba. Ta yi mako 7 a saman jadawalin Amurka, ta kuma hau na ɗaya a Birtaniya a 1969. Abin da ya bambanta ta shi ne natsuwarta mai ban tsoro. Piyano mai lantarki ne ke shigowa a hankali, kacau-kacau na bin sa kamar sanɗar mai laɓe, sannan gogen makaɗan Detroit ya lulluɓe su. Whitfield ya tilasta wa Gaye ya rera sama da inda muryarsa ta saba tsayawa, shi ya sa ake jin tana dusashewa a wasu gaɓoɓi, tamkar mutumin da zargi ya hana shi barci. Mai saye ya lura cewa an sake fitar da In the Groove da sunan waƙar bayan ta yi kasuwa, saboda haka kundi ɗaya ne mai suna biyu, kada a saya sau biyu.

Ƙungiyar Creedence Clearwater Revival sun ɗauke ta daga soul, salon da Gaye da Knight suka rera ta, zuwa kiɗan rok a kundin Cosmo's Factory na 1970, inda ta zarce minti 11, mafi yawansu jita ce ke magana. Wanda ke neman zafin labarin zai ƙosa tun kafin a kai rabi, amma mai doguwar tafiya a mota zai ji daɗinta. Akwai gajeriyarta da aka datse daga baya, don haka a duba tsawon da aka rubuta kafin a biya. Roger Troutman ma ya yi tasa a 1981 da na'urar da ke mayar da murya kamar ta inji, ta kuma hau saman jadawalin R&B, wato na kiɗan baƙaƙen fatan Amurka; ta masu rawa ce, ba ta mai neman asalin waƙar ba.

Saura batun nau'in faifan. Ƙananan fayafayan garmaho na Motown na wancan lokaci an haɗa sautinsu ne ta kafa ɗaya (mono) domin rediyo, kuma gangarsu ta fi ƙarfi a kunne, yayin da yawancin fayafayan CD da manhajojin intanet ke ɗauke da haɗin kafa biyu (stereo), wanda ya fi fito da goge da amshi sarari. Idan tsohon faifai ne, a ɗaga shi a haske a duba karce, domin farkon rerawar Gaye shiru-shiru ne, ƙaramin karce ma sai ya danne piyanon. A intanet kuma a karanta shekarar ɗauka, saboda akwai rerawar dandali da aka naɗa daga baya masu ɗauke da suna iri ɗaya. Ta asali ta Gaye minti 3 ce da 'yan daƙiƙu, kuma tambarin Tamla, reshen Motown, ne a jikin faifanta na Amurka.