Fulin kiranshaf na Camry: na tijari da na wakala, bayan an gwada duka biyun a Jidda

Motar Camry ce ta 2008, mai inji 2AZ-FE, lita 2.4, tana zirga-zirga tsakanin Jidda da Makka da AC a kunne kusan kullum. Fuli biyu aka ɗaura mata a jere: na farko na tijari, wato wanda ba na kamfani ba, na biyu na wakala, wato na dilan kamfani, a kwalin Toyota. Na tijarin bai yi rabin kuɗin na wakala ba, amma bai kai ƙarshen lokacin zafi ɗaya ba. A ganina asara ce, domin kuɗin aikin warsha sau biyu aka biya.

Idan ka shiga sina'iyya, wato unguwar garejoji da shagunan kayan mota, sunan abin da Larabci bakarat al-karank. Mu kuma fulin kiranshaf muke cewa, shi ne babban fulin da ke can ƙasa a gaban inji, wanda fambel ke zagayawa. Mutane da yawa na ɗaukarsa dunƙulen ƙarfe ɗaya ne. Kashi uku ne: cibiya da ke zaune a kan kiranshaf, zoben roba a tsakiya, sai zoben ƙarfe mai nauyi a waje, inda fambel ke hawa. Duk lokacin da wuta ta tashi a silinda, fistin na dukan kiranshaf ya ɗan murɗe shi, sannan ya warware, kamar yadda ake matse wanki a saki. Ido ba ya ganin wannan murɗawar, amma tana faruwa sau dubbai a minti. Robar nan da nauyin zoben waje su ke shanye ta. Idan robar ta mutu, dukan yana komawa kan biyarin da sarƙar tamin, kuma in aka daɗe a haka kiranshaf kansa na iya tsagewa.

Abu biyu ke kashe robar a nan: zafi, da baƙin mai. Zafin Jidda ba sai an faɗa ba, ga nauyin kwamfireson AC da ke fizgar fambel duk lokacin da ya kama. Baƙin man kuwa daga oyil sil na gaban kiranshaf yake tsattsafowa, wanda a nan ake kira sufa. Yana jiƙa robar har ta kumbura ta yi laushi.

Kafin a sayi komai sai an tabbatar fulin ne, domin yawancin rawar da mota ke yi ba daga shi take ba. In rawar tana zuwa ne kawai a kan gudu, sitiyari na karkarwa wajen kilomita 100 a sa'a, kuma ta lafa da an rage, tayoyi za a duba. In mota na tsaye a silo tana girgiza, ta ƙaru da an sa giya a D an taka birki, ta ragu a N, to mazaunin inji ne, kurasi al-makina inji masu warsha. In inji na tsallake bugu kamar mai tari, a sa kwamfuta: lambobin P0300 zuwa P0304 na nuna filogi ko kwayil, ko nozul. Rawar fuli daban take. Tana bin juyin inji, ko mota na tafiya ko tana tsaye, ta fi ƙarfi a wani mataki na totur sannan ta lafa, kuma sau da yawa tana tare da kukan fambel ko wani ƙwas-ƙwas daga ƙasa ta ɓangaren tayar dama.

Gwajin da na fi yarda da shi ba ya cin ko riyal ɗaya. A kashe inji, a ja layi da alli ko farin fenti daga cibiya, ya ƙetare robar, ya hau zoben waje. A tayar da mota, a kunna AC da fitilu, a yi 'yar tafiya a dawo. In layin ya rabu biyu, zoben waje na zamewa a kan robar, magana ta ƙare. Sai kuma a haska tocila a gefen fulin yayin da inji ke silo, daga nesa, hannu da hannun riga su yi nisa da fambel. Lafiyayyen fuli gefensa a tsaye yake kamar ba ya motsi. Wanda ya lalace yana rangaji. Na tijarin nan tun yana sabo yake ɗan rangajin, alamar ba a gyara ramin cibiyarsa daidai ba. Da aka cire shi, robar ta tsattsage kamar bayan tsohuwar taya, ta turo kai waje ta gefe ɗaya, ta ci haƙori ɗaya na fambel.

Aikin canjin ba shi da tsawo. A cire kan batir na negatif, a ɗaga mota a kan jak a tokare ta da ƙafar ƙarfe, a cire tayar gaba ta dama da robar da ke kāre inji. A ɗauki hoton yadda fambel ya zagaya kafin a sassauta tenshina, mai riƙe fambel a ɗaure, a zare fambel ɗin. Tenshinan wannan injin a hankali ake danna shi, in aka fizga sai a lalata shi.

Wahalar duk tana kan notin tsakiya, mai kai milimita 19. Akwai ƙarfen riƙe fuli da ake ɗaurawa a ramukan cibiya, shi ya kamata a yi aiki da shi, ko bindigar iska wajen kwancewa. Wasu kan tokare doguwar sifana da ƙasa su buga kik. Yana kwancewa, amma in sifanar ta kufce tana iya fasa abin da ta samu, har da ƙafar mutum, kuma a injin da ke juyawa ta ɗaya hannun ƙara ɗaure notin za ta yi. Bayan noti ya fita, fulin Toyota kan zamo da ɗan jijjigawa. In ya ƙi, a sa abin ja mai shiga ramukan cibiya. Kada a kama zoben waje da mai farata uku, raba shi da robar zai yi. Kada kuma a doka sabon da guduma wajen mayarwa, domin dukan yana tafiya kai tsaye kan biyarin da ke hana kiranshaf motsi gaba da baya.

Nan ne warshar farko ta yi sakaci: ba su canja oyil sil ba. Fuli na fita, sil ɗin a fili yake, kuma kuɗinsa kaɗan ne. A zare tsohon ba tare da karce kiranshaf ba, a shafa ɗan giris a leɓen sabon, a tura shi ya yi daidai da fuskar murfi. A duba makullin nan ƙarami da ke kan kiranshaf, ya shiga tsagin fuli daidai. Daga nan a ɗaure noti da sifana mai awo, ba da bindigar iska ba. Awon wannan injin tsakanin 170 da 180 ne a ma'aunin Nm, gwargwadon inda aka ƙera shi, saboda haka a duba littafin motar. Na Corolla mai 1ZZ-FE 138 ne, kada a ɗauki na wata a sa wa wata. Noti mai sako-sako yana barin fuli ya riƙa dukan makullin har tsagin ya buɗe, kuma wannan gyaran ya wuce na fuli.

Na wakalan ya zauna cif, babu rangaji, kukan fambel ya ɗauke, kuma layin allin da aka ja masa yana nan a miƙe bayan watanni. Ko a hannu an ji bambancin: ya fi nauyi, robar kuma ta cika zoben ko'ina daidai. Ba na cewa duk na tijari banza ne, akwai kamfanoni masu suna da ke yin mai kyau. Matsalar ita ce wanda ake miƙo maka a farin kwali babu suna babu lamba. A tafi da lambar shasi da ke kan istimara, wato katin rajistar mota, a sa mai shago ya nemo da ita, sannan a ɗora sabon kan tsohon a gwada faɗi da yawan haƙoran fambel kafin a bar wurin.

Na tashlih fa, wato inda ake sayar da kayan da aka ciro daga matattun motoci? Fitila ko ƙofa, a saya. Wannan kam a'a, domin robarsa ta sha irin ranar da taka ta sha.

Mai jin kukan nan yana cewa sai bayan Umara zai duba, ya tuna fambel ɗaya ne ke juya altaneta, famfon ruwa, famfon sitiyari da AC a wannan injin. Ranar da zoben waje ya fice, fitilar batir za ta kama, sitiyari ya yi tauri, allurar zafi ta fara hawa cikin 'yan mintoci. A gangara gefen titi a kashe inji nan take, a kira mai ɗaukar mota.