Bututun gwajin PCV mai jan zobe: a kwance yake jan jini

PCV gwaji ne na auna yawan jajayen ƙwayoyin da ke cikin jini, kuma a siririn bututun gilashi ake ɗibar jinin. Kwalba ɗaya tana ɗauke da bututu 100, kowanne tsawonsa milimita 75, faɗin raminsa kuma ya ɗan haura milimita 1. Jan zoben alama ce ta an shafe cikinsa da heparin mai hana jini daskarewa, shi ya sa ake kafa shi kai tsaye a yatsan da aka huda. Mai shuɗin zobe ba shi da magani, na jinin da ke cikin kwalbar EDTA ne, wato wani maganin da ya riga ya hana shi daskarewa.

Ƙorafin da aka fi yi a ɗakunan gwaji shi ne wai ba ya jan jini, alhali yawanci matsalar daga riƙo take. Jini yana kama gilashi mai tsabta ya bi bango ya hau, fatar samansa ta jawo sauran, har nauyin abin da ya hau ya yi daidai da ƙarfin jan, sai ya tsaya. Gwargwadon ƙuncin rami, gwargwadon nisan hawa. A bututu mai faɗin milimita 1 da aka tsayar, ruwa yana hawa kamar santimita 3 ne kawai, jini ma bai kai haka ba. Gwajin kuwa yana son kashi biyu cikin uku na bututun, wato santimita 5. Don haka a goge ɗigon farko, a karkata bututun kusan kwance, bakinsa cikin ɗigo na biyu. Nan da nan zai cika.

Idan bakin ya rabu da ɗigon, iska ta shiga ta raba jinin. Matse yatsa da ƙarfi kuma yana sirka jinin da ruwan jiki, sakamako ya yi ƙasa, a ce mutum yana da ƙarancin jini. Maiƙon hannu a bakin gilashi shi ma yana hana kamu.

Aibinsa na gaske karyewa ne, musamman wajen soka shi cikin danƙon toshewa. A riƙe shi kusa da bakin, a murza a hankali, domin gilashi mai jini idan ya yanki hannu haɗari ne. Na roba ba ya karyewa, amma jansa ya fi nawa. Ga wanda hannunsa ya saba, na gilashin ya fi.

A injin juyawa, wanda ke raba ƙwayoyin jini da ruwansa, gefen danƙo waje yake kallo, minti 5 ya isa. A duba ranar ƙarewar aiki kafin saye, a kuma rufe kwalbar bututun sosai lokacin damina saboda laima.